Ganyen da Inna Ta Tsinka a Dajin Dutse

Inna ta zo Alƙahira ne don a cire mata yanar ido. Shekara biyar tana lalube a tsakar gidanmu, tana gane mutane da murya. Ni kuwa ina shekara ta uku a jami'ar da ke Giza, ina karatun tsirrai, kuma abin da ya rage tsakanina da komawa gida wani ɗan ganye ne mai ɗaci da Misirawa ke kira harra.

Aikin da malamata ta ba ni, wata dattijuwar Bamisiriya da muke ce wa Daktora, ba shi da wuyar faɗi. In bi wata siririyar hanya a dajin da ke gabas da birni, in rubuta ranar da kowane tsiro ya fara buɗe fure. Daji ne a suna kawai. Itatuwansa sun faɗi tun zamanin da ba wanda ya sani, sun zama dutse, suna kwance cikin yashi da ɓawonsu da komai. Tsirran wurin ba sa fitowa sai an yi ruwa a lokacin sanyi, ruwan Masar kuwa bai yi wa kowa alkawari ba. Shekara biyu ina zuwa ina komawa da littafi fari fat. A ta uku aka yi ruwa kwana biyu a jere, Daktora ta ce mini, "In kika rasa wannan, sai ki jira wani." Wani ɗin yana nufin wata shekara, ko biyu, a ɗakina na unguwar Hay el-Sabi', kuma wallahi na gaji.

Na zaɓi gindin harra goma sha biyu a bakin hanyar, na ɗaura wa kowanne jan zare don kada in rikita su. Kullum da safe ina hawa ƙaramar bas in je in durƙusa a gabansu. Silla, wata ƙaya mai fure shuɗi-shuɗi, ta riga ta buɗe na rubuta. Harra ce ke ja mini rai, kawunanta sun kumbura amma sun ƙi fashewa.

A tsakiyar wannan aka yi wa Inna aiki. Bayan mako biyu likita ya ce tana iya fita da baƙin tabarau. Ta gaji da zaman ɗakina da ke hawa na huɗu, kullum tana mita wai wane irin gari ne da mutum zai wuni ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana, sai dai "ke". Tun da idon ya buɗe ba ta ce mini komai a kan fuskata ba, in ban da cewa na rame kamar sillen kara saboda cin wake da burodi. Wata safiya da zan tafi dajin, ta yafa mayafi ta ce ƙafata ƙafarta.

Na zaunar da ita a kan wani kututturen dutse kusa da harrata, na ba ta ruwa, na ce kada ta motsa. Na wuce can ƙarshen hanya duba sauran tsirrai. Ban fi sa'a guda ba.

Da na dawo na same ta a inda na bar ta, tana murmushi, gefen mayafinta cike da ɗanyen ganye.

"Ashe kuna da gasaya a garin nan kike zaune da yunwa," in ji ta. "Shinshina ki ji."

Na ga kawunan furen nan da na yi wata guda ina gadi, a tsinke, a cikin mayafi. Ni mai zuciya ce, kowa a gidanmu ya sani, amma ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na yi salati, na ce ta kashe ni, na ce shekara uku ta zuba a mayafi. Sannan na faɗi abin da har yau nake nadamarsa. Na ce, "Dama idon da kika samu don ki yi mini wannan ne?"

Ta gyara tabaran da ke fuskarta. Can ta ce, "Na ga kin ɗaura musu zare, na ce naki ne. A wurinmu abin da aka ɗaure ai mai shi ke ci."

Gaskiyarta kuma. A ƙauyenmu in ka ga tsumma a jikin reshe ko an ƙulle kan ciyawa, ka san wani ya riga ka. Amma zuciya ba ta bar ni na ji ba. Ko waiwayar tsirran ban yi ba, na ja hannunta muka fito, tana ƙudundune da ganyen don na gaya mata an hana tsinka a wurin. Muka hau bas muka koma ɗaki. Da muka isa ta dafa shi, ta kwaɗanta da ƙuli-ƙulin da ta zo da shi daga gida, ta ajiye mini a rufe. Na ce na ƙoshi, ta sa shi a firij.

Washegari ban fita ba. Na kasa kiran Daktora, na kasa kallon Inna, kunya da haushi sun haɗe mini. A rana ta biyu, bayan mun karya, sai na ga ta yafa mayafi.

"Ke, tashi. Yau za su buɗe."

Na ce me zai buɗe, bayan ta tsinke su?

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ya gaya miki ana cinye iri? Tun kafin a haife ki nake tsinkar ganye. Kowane gindi ana bar masa kai ɗaya, na baɗi. Na duba waɗanda na bari, bakinsu ya fara rawaya. Yalla, mu tafi, ko ba haka kuke cewa a nan ba?"

Muka je. Gindi na farko, ga jan zarena, ga ganyen an rage, ga kuma kai guda a tsaye, mafi ƙarfi a cikinsu, da fure rawaya ƙarami wanda bai gama miƙewa ba. Na biyu haka. Na ruga har na goma sha biyu ina ƙirgawa da ƙarfi kamar mahaukaciya. Ba ko ɗaya da ta ƙwaƙule. Bakwai sun buɗe a safiyar nan, sauran suka biyo baya cikin mako. Da na gaya wa Daktora daga baya, dariya ta yi har da hawaye, ta ce ma'alish, wato ba komai, in rubuta cewa an tsinke su, ranakun dai sun samu.

Amma a safiyar, da na juyo, Inna na durƙushe a gaban na farkon. Ta cire tabarau, ta kare rana da tafin hannu, ta kai fuska dab da furen da bai kai farcen ɗan yatsa ba.

"Kunnuwansa huɗu," ta ce. "Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Har da ɗan gashi a jikin karan. Ke, ina ganin gashin."

Na durƙusa kusa da ita na ce, "Inna, ki yafe mini." Kuka ya ci ƙarfina. Ta ɗago ta daɗe tana kallona da idon nan da na zaga, tun daga goshi har haɓa, kamar yadda ta kalli furen. Ta sa bakin mayafi ta share mini fuska, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban kowa ko a bayansa.

"Rubuta abinki, rana na yi," in ji ta. "In mun koma kuma ki ci kwaɗon nan."

Na buɗe littafi. Akwai gurbin da ake sa wanda ya fara ganin fure, kullum sunana nake sawa. Ranar na rubuta Inna.