Kwamfutar da Aka Bar Mini Ajiya

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma maganar ta na'ura ce, ina tsoron in faɗi abu ba daidai ba masana su yi mini dariya. Abin da ya fi wannan damuna shi ne maganar ta shafi mamaci da iyalinsa. Sai da na nemi izinin matarsa ta ce in rubuta, sannan na ɗauki biro.

Ni tela ne a Wudil. Asalina mutumin Utai ne, na buɗe shago a gari shekarar da soja suka koma bariki. Ba a jima ba jami'a ta fara aiki, baƙi suka cika unguwarmu. Cikin waɗanda suka kama haya a bayan shagona daga baya akwai wani malamin jami'ar, Kirista, daga can duwatsun Adamawa. Ilimin ƙasar noma yake koyarwa. Yakan hau babur ya tafi gonakin Darki da Dagumawa ya dawo da ƙasa ƙulle a leda, har manoma suna tsokanarsa wai zai kwashe musu gona kaɗan-kaɗan ya kai garinsu. Ni nake yi masa ɗinki. Da yake ina da ɗan janareta, in babu wuta yakan kawo kwamfutarsa ta hannu ya sa caji, ya zauna kan benci muna hira. Yana kirana Sarkin Allura, ni kuma ina ce masa Malam.

Wata shekara ana gab da zaɓe, malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki. Matarsa na da tsohon ciki, ya ce zai kai ta gida ta haihu a wurin iyayenta. Ranar tafiya ya shigo da kwamfutar cikin jaka, ya ce hanya ba ta da kyau, ɗakinsa kuma yana yoyo, gara ta zauna wurina. Ya ce in riƙa sa mata caji jifa-jifa kada batirin ya mutu. Ni mutum ne mai yawan tambaya, in ba a fayyace mini abu ba ba na samun sukuni. Na ce, cajin kawai, ko har da kunnawa?

Ya yi dariya ya ce, "Kunna ta mana, Sarkin Allura, ta sha iska. Ka ɗumama ta kamar babur."

Yanzu na san wasa yake. A lokacin ban ɗauka wasa ba ne, domin haka muka san inji. Keken ɗinki in ka bar shi ajiye tsatsa yake yi, janareta ma in ya kwana biyu ba a tayar ba sai ya yi gardama. Saboda haka duk Juma'a da safe, kafin kasuwa ta cika, nakan goge tebur, in shimfiɗa ƙyalle mai tsabta, in jona ta da wuta in danna maɓallin da ya nuna mini. Hoton wani dutse ya bayyana, in bar ta tana ƙara a hankali kamar yadda nake barin janareta, sannan in kashe in mayar jaka. Ba na taɓa komai.

Wata Juma'a na kunna, dutsen bai fito ba. Sai wani baƙin allo da rubutun Turanci, da wani layi yana cika a hankali daga hagu zuwa dama. Na iya haɗa baƙaƙe, na gane ana cewa kada a kashe. Na janye hannuna, na tsaya a kanta ko zama ban yi ba. Layin ya kai kusan rabi sai aka ɗauke wuta. Ashe batirin ya riga ya gaji, wutar bango ce kaɗai ke riƙe da ita. Allon ya mutu nan take. Na fita da gudu na ja janareta, na dawo na danna. Fanka ta juya, wata 'yar fitila a gefe ta yi ƙyafta-ƙyafta, allo baƙi ƙirin.

Na kira Malam a ranar. Ya ce in kwantar da hankalina, sabon gyara ne kamfanin da ya ƙera ta ya turo wanda ya daɗe yana ɗagawa, in ya dawo zai duba. Ya ce matarsa ta sauka, an sami mace. Na yi masa barka, na ce ɗinkin jaririya a wuyana yake.

Bai dawo ba. Da aka janye yajin aiki ya kamo hanya shi kaɗai, motarsu ta yi karo da babbar mota. Abokan aikinsa ne suka zo shago suka gaya mini. Wayarsa ma ba a gan ta ba.

Bayan wasu watanni matar ta zo kwashe kayan ɗaki, da jaririya a goye. Na yi mata gaisuwa, na fito da jakar na faɗa mata duk yadda aka yi. Ta ce wayoyinsu ƙanana ne, duk abin da suka ɗauka yakan juye shi cikin kwamfutar ya goge na waya: bikinsu, da hotunansa, da wani bidiyo da ya yi yana yi wa cikin waƙa da yarensu. A gida ba ta da komai nasa sai ɗan hoton katin aiki.

Ta ce, "Baba tela, ina so yarinyar nan ta ji muryar ubanta ko sau ɗaya ne. In akwai yadda za a yi, ka taimaka."

Na ce ta bar mini, da yardar Allah.

Na fara da wani abokin marigayin, mai kula da na'urori a jami'ar. Ya zo shago ya kwance bayan kwamfutar a kan teburin yankana. Ya cire babban batir, ya danne maɓallin kunnawa ya daɗe, ya mayar. Shiru. Ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo, muka jira, ya mayar. Ya zare wasu siraran faranti biyu ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya gwada ɗaya, ya gwada ɗayan. Ya jona ta da wani allo daban ko nata ne ya lalace. Kowane gwaji sai fanka ta juya, fitila ta ƙyafta, shi ke nan. Ni ina tsaye ina tattara ƙananan kusoshi cikin murfin gwangwanin maɓallai kada ɗaya ya ɓace.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce a jikin babban farantin da ke ciki, wanda suke kira uwa, akwai wani ɗan ƙwaya da ke koya wa na'urar yadda za ta farka. Ana cikin sake masa karatu wuta ta tafi, tsohon ya goge, sabon bai gama shiga ba. Hotunan suna nan lafiya a wani ma'aji daban. Abin da ake bukata shi ne mai kayan aikin da zai sake rubuta wa ƙwayar karatunta, kuma sai a Kano.

Na rufe shago ana tsakiyar ɗinkin ankon 'yan siyasa, na rungume jakar a ƙirji har Kano. A kasuwar masu gyara aka nuna mini wani da aka ce hannunsa na da kyau. Na maimaita masa bayanin kamar yadda aka gaya mini, har sau biyu, na ƙara da cewa kayan maraya ne. Ya ce, "Alhaji, kada ka damu, irinta nawa muka tayar." Ya ce in bar ta in dawo mako mai zuwa. Raina bai so ba, amma na bari.

Da na koma ya tarbe ni da fara'a. Ya danna, allo ya kawo haske. Amma dutsen bai fito ba, wani shuɗin allo ne da akwati yana neman a rubuta lambobi. Na tambaya. Ya ce sake rubuta ƙwaya ɓata lokaci ne, ya sami uwa mai kyau daga wata irinta da allonta ya fashe, ya musanya. Haka suke yi, in abu ya mutu a cire a sa wani. Game da lambobin kuma ya ce abu mai sauƙi ne, a wanke ta tas a zuba sabon komai, yanzu-yanzu. Har ya miƙa hannu. Na riƙe masa hannu, abin da ban taɓa yi wa wani ba, na ce kada ya taɓa.

A Wudil abokin marigayin ya kalli shuɗin allon, na ga fuskarsa ta canja. Ya ce bai san Malam ya kulle ma'ajin ba, da ya gargaɗe ni. Mabuɗin kullen yana jikin tsohuwar uwar ne. Da ita aka tayar, wataƙila da ta buɗe da kanta. Wannan sabuwar ba ta san ma'ajin ba, shi ma bai san ta ba.

Da sassafe na koma Kano. Mai gyaran ya ce matattun faranti buhu suke tara su, masu sayen gwangwan su zo su auna su tafi da su, kuma an kwashe buhun tun kafin in zo karɓa. Bai yi mini gardama ba, har ya raka ni wurin da masu gwangwan ɗin suke tara kaya. Tsibi ne ya fi tsayina, koraye duka, kowanne kamar ɗan'uwansa. Suka ce na wancan makon an riga an loda. Na tsuguna ina juya su ɗaya-ɗaya alhali ko na ga tamu ba zan gane ta ba, har wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malam, tashi, za ka yanke hannu a banza."

An ce lambobin nan masu tsawo mai yiwuwa suna ajiye a asusun marigayin na intanet. Matar ba ta san kalmar shiga ba, layin wayarsa kuma da za a turo saƙo ya tafi tare da wayar, daga baya ma aka ba wani.

Na kira ta na faɗa mata. Na ce zan aiko da kwamfutar. Ta ce a'a, in tana ganinta kullum a ɗaki ba za ta iya ba, in ci gaba da riƙewa. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Duk Kirsimeti takan kira mu gaisa, ni kuma in aika wa yarinyar riga. Yanzu tana makaranta. Uwar ta ce ta fara tambaya ko babanta yana da babbar murya ne ko ƙarama.

Kwamfutar tana cikin akwatin da nake ajiye yadin mutane. Ina sa mata caji, ba na kunnawa. Kullum ina fargabar kada ma'ajin shi ma ya lalace da zama, kuma ban san wa zan tambaya ba.

Shi ya sa na rubuta. In akwai wanda ya san ko ma'ajin da aka kulle haka yana buɗuwa ba tare da tsohuwar uwarsa ba, ko ya san hanyar da matar mamaci za ta bi a ba ta lambobin da ke asusun mijinta, ina roƙonsa ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan. In kuma babu hanya sam, shi ma a gaya mini gaskiya, domin in san abin da zan faɗa wa yarinyar ranar da ta zo da kanta.