Shekarar Da Na Zama Hannun Kaka

Ranar wata Asabar ce ta bazara, shekarar da na shiga aji biyar na firamare, Kaka ta zame a bakin rijiya ta karye a hannun dama. Da mai ɗori ya gama aikinsa ya tafi, sai muka lura ba ciwon ne ya fi damunta ba. Idonta na kan buhun kalwa, ƙwayar ɗorawar da muka sha wahalar tarawa, yana jingine a rumfa.

Gidanmu a Roni gidan daddawa ne tun zamanin kakar Kaka. Har daga Gwiwa mata kan aiko a saya musu, kuma ba a taɓa cin kasuwa babu faifan gidanmu ba. Innata tana da tsohon ciki a lokacin, ko warin daddawa ta ji sai zuciyarta ta tashi. Sai Kaka ta dube ni ta ce, "Hadiza, za ki ara mini hannuwanki."

Da ma aikina bai wuce tsintar ɗorawa da shan garinta har bakina ya rine ba. Washegari kuwa ni na hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar ƙasa, kalwa ta yini tana dahuwa, ina ƙara ruwa ina tura itace, ina jiyo shewar ƙawayena suna carafke a ƙofar gida. Da gari ya sake wayewa na surfa ta a turmi da toka har baƙin ɓawon ya saki, na wanke a masaki, na mayar wuta da 'yar kanwa. Kaka na zaune a tabarma da hannu a rataye. In na yi daidai ta yi shiru, in na kauce ta yi gyaran murya. Da zafinta na juye kalwar cikin kwandon da aka shimfiɗe da ganye, na lulluɓe da tsofaffin zannuwa, na kai ɗakin da ba mai shiga. "Daddawa ba ta son leƙe," in ji Kaka, "ɗumi take so da haƙuri."

Jiran ne ya fi dakan wuya. Na san in ta lalace, kalwa ta tafi a banza, sunan gida kuma ya zube a hannuna. A aji malam na koyar da lissafi, ni hankalina na cikin kwando. A rana ta uku da hantsi wari ya cika gidan, Inna ta toshe hanci ta tsere maƙwabta tana dariya. Kaka ta ce in yaye zannuwan. Kalwa ta yi duhu, ta yi laushi, tana yauƙi. Ta ɗiba da hannun hagu ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa. Can sai tsohuwar nan mai karyayyen hannu ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

Na kirɓa, na mulmula, na shanya, ranar kasuwa na ɗauki faifan da kaina. Wata Bafulatana mai nono da ta daɗe tana saye a wurin Kaka ta shinshina, ta ce ashe hannun tsohuwa ya warke da wuri. Da gudu na kawo labarin gida, Kaka ta yi ta dariya har da hawaye, ta sa aka kaɗa mana miyar kuka da daddawar tawa.

Yanzu ina zaune a Kazaure, miyata da dunƙulen kanti nake haɗa ta saboda sauri, itatuwan ɗorawar bayan garinmu kuma da yawa an sare su. Amma duk sanda na bi ta layin masu kayan miya a kasuwa, nakan rage tafiya, ko da ba abin da zan saya.