Sawun Dokin Yaya

Abu biyu mahaifinmu ya bari da ya rasu. Yayana ya gaji gida da turken doki, ni na gaji ido. Shekaru da yawa ina ganin ni na fi cin riba. Yau da za a karɓi idon nan a mayar mini da wurin zamana a gidan Yaya, wallahi ko ciniki ba zan tsaya yi ba.

Idon da nake faɗa na sanin doki ne. A wajenmu, Gidan Sori da ƙauyukan da ke kewaye, in an gama girbi an kai gero rumbu, sai hankalin maza ya koma kan sukuwa. Wani attajiri ya sa babur ko bijimi ga wanda dokinsa ya zo na fari, a gefe kuma masu caca su ƙulla tasu, wadda kowa ya san da ita kuma kowa yake rantsuwa bai taɓa yi ba. To kafin ranar, ni ake nema. A zo da goro, a yi doguwar gaisuwa, a tambayi iyali da gajiya, sannan a sassauta murya a ce, "Wanne ka gani?"

Ni kuwa ba doki nake fara dubawa ba. Baba ya koya mini cewa mai doki yana ƙarya, dokin ma in ya ga jama'a yana ƙarya, ƙasa ce kawai ba ta iya ba. Don haka da sassafe nake bin hanyar rijiya inda ake jan dawaki shan ruwa, kafin shanu su tattake wurin. In kofaton baya yana wuce sawun na gaba, dokin yana da dogon taki. In sawu huɗun sun nutse daidai, lafiyarsa lau. Daga nan in leƙa turke in dubi kashinsa, in ga ko ya cinye harawarsa. Dokin da ya bar sabuwar harawar wake, ko yana haniniya kamar zai tsinke igiya, ba na ba kowa shi. Samarin garin Agiye masu cacar dawakin Faransa sun sha yi mini dariya, su da takardarsu mai lambobi da bik na rubutu a bayan kunne, suna zaɓen dokin da ko jelarsa ba su taɓa gani ba. Nakan ce musu in sun samo mini sawunsa su zo mu yi magana.

Akwai kuma doka guda da Baba ya nanata mini fiye da komai: ba a faɗin aibin doki a gaban jama'a. Ka ja mai shi waje, ku biyu, ka gaya masa a kunne. Na riƙe ilimin duka. Dokar nan kaɗai na saki, sau ɗaya.

Yaya yana da akawali, baƙi wuluk. Ya saye shi tun yana dukushi wajen wani Bafillace, ya yi shekara uku yana ba shi dawa da dusa da kanwa. Ni kaina ina son dokin nan. Shekarar da za a yi babbar sukuwa a Cadakori, duk wanda ya tambaye ni, shi na ba shi. Da safen ranar da za a tafi da shi, saura kwana ɗaya a yi, na bi hanyar rijiya don kawai in faranta wa kaina rai, sai na tsaya cak. Sawun ƙafar gaba ta hagu bai nutse ba. Bakin kofaton kaɗai yake ɗosanawa, yana tsoron sauke nauyinsa. Na bi sawun har gidan Yaya ina fatan idona ne ya yi kuskure. Na shiga turke na shafa jijiyar bayan ƙafar, na ji ta da zafi rau. Harawar jiya kuwa rabi na nan.

Da na fito, zaure cike yake da abokan Yaya da masu caca, har da maroƙi. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Yaya, taho waje, ina da magana."

Ya ce, "Hwaɗi nan, duk na gida ne. Gaya musu abin da akawali za shi yi gobe."

Na ce magana ce ta mu biyu. Sai wani abokinsa mai sayar da taki, wanda bai san gaban doki da bayansa ba, ya ce, "Ƙyale shi, Alhaji. Halama wani ya riga ka kai mai goro." Aka kwashe da dariya. Yaya ma ya yi dariya, kuma tasa ce ta ƙona ni. Ina da zuciya, ban taɓa musu ba. Na ɗaga murya na ce, "In ka sa dokin ga sukuwa gobe, ba shi komowa gidan ga bisa ƙahwarshi."

Maroƙi ya ce a'uzubillahi. Sai daga baya na fara bayanin sawu da jijiya, amma wa ke saurare? Magana zarar bunu ce. Yaya ya sa aka jawo dokin aka zagaya da shi ƙofar gida. Da ya ga jama'a ya ɗaga kai yana rawa, babu ɗingishi ko kaɗan. Ai na gaya muku doki yana ƙarya. Yaya ya dube ni ya ce, "Hassada har ta kai ka nan?" Ya sa aka wuce da dokin Cadakori.

Na je Cadakori. Zagayen fari akawali ne a gaba, da nisa. Ban taɓa roƙon Allah ya ƙaryata ni ba sai ranar. A zagayen ƙarshe, daidai inda fili ya lanƙwasa, ƙafar ta yi ƙara kamar an karya busasshen kara. Mahayin ya wuntsila, ya tashi da targaɗe kawai. Dokin ya yi ta ƙoƙarin miƙewa bisa ƙafa uku. Kafin magariba aka yanka shi, aka hutar da shi.

Da wautata na ɗauka za a ce ai ya faɗa. An ce hakan kuwa, sai dai da wata manufa. Kafin kasuwa ta zagayo, labari ya kai Gidan Rumji cewa bakina ne ya karya akawali. Ba wanda ya tuna sawu. Waɗanda suka yi asara a caca suka ce na ba su doki sannan na kashe shi. Masu dawaki suka sake hanyar rijiya. In na yi sallama a gidan mai doki sai a ce ba ya nan, alhali ina jin tarinsa.

Abin da ya fi ba ni haushi, masu goro ba su daina zuwa ba, tambayar ce ta sake. Wani ya same ni a gona ina ɗaure harawa, ya tsuguna ya ce akwai wani doki a Gazawa da ke damun nasa, in taimaka in yi magana a kansa, ko kalma biyu ce. Na ɗauki lauje, ya tashi ba sallama. Shekara talatin ina karanta ƙasa, ƙarshenta an mai da ni mai kambun baka.

Yaya bai yi faɗa da ni ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Muna gaisawa a masallaci, ya tambayi iyali, in ce lafiya lau. Sau biyu na je ba shi haƙuri kan yadda na faɗi maganar, don a nan ina da laifi. Ya ce, "Ba komi, haka Allah ya so," yana duban wani wuri. Na yi ta jiran ranar da zai ce, "Mi ka gani a ƙahwar?" Har yau bai tambaya ba.

Bayan damina biyu matarsa ta haihu, namiji, bayan mata huɗu. Ita abokiyar wasana ce tun ranar da aka kawo ta. In na shiga gidan sai ta ce ga ragon miji nan ya zo cin tuwon banza. Duk 'ya'yanta huɗu, ni ake fara miƙa wa cikin maza in tofa musu addu'a. Na sayi sabulu da turmin atamfa, na ce a raina haihuwa za ta wanke abin da gaisuwa ta kasa. Ranar suna, bayan an shafa fatiha an raba goro, na yi sallama na shiga cikin gida kamar yadda na saba.

Tana zaune bakin ɗaki bisa tabarma, jaririn a cinyarta. Ta gan ni ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam." Ba ta taɓa ce mini Malam ba. Hannunta kuwa ya riga ya ja zane ya rufe yaron har ka. Ta ce, "Barci shikai." Yaya na tsaye gefe. Ya ga abin da ta yi, ya juya yana yi wa wanzami magana.

Ba barci yake ba. Zanen bai kai ƙasa ba, ƙafar dama ta fito tana shure-shure, 'yan yatsun suna buɗewa suna rufewa. Idona ya yi aikin da ya saba kafin in hana shi. Ƙafa ce miƙaƙƙiya, mai ƙarfi, ba aibi ko ɗaya. Tubarkalla ta zo mini har bakin leɓe. Na dubi hannunta da ke danne da zanen, na haɗiye ta. Na ajiye sabulu da atamfa gefen tabarma, na fita.

Yaron ya girma, bana ya shiga lakol, makarantar boko. Daga nesa nake ganinsa. In ya wuce ta ƙofar gidana da safe, sai na jira ya yi nisa sannan in fito in dubi sawunsa.