Lamba Goma Sha Biyu

Gidanmu a unguwar Zango ba ya rabuwa da baƙi. Tun zamanin kakanmu fataken goro ke sauka a nan, kowa ya zo a ba shi ɗakin da ba kowa, in ya tafi wani ya shiga. Da na ja intanet gidan, wannan halin bai canza ba. Baƙo ya sha ruwa, ya gaisa, sai ya miƙo waya a sa masa fasuwod. Na taɓa gwada hanawa, mahaifiyarmu Mma ta kalle ni kamar na hana mutum buta.

Saboda yayana na ja intanet ɗin. Shi ne ɗan farin Mma, ya daɗe a Italiya, takardunsa ba su ba shi damar zuwa gida ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, hannunta ya daina riƙe waya, sai ya aiko da 'yar kyamara mai lasifika, na kafa ta saman ƙofar ɗakinta. Kullum kafin ya fita aiki sai ya leƙo ya gaishe ta. Ita kuwa, da kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa. “Lafiya,” kawai take cewa, tana kallon bango. Amma na lura tun asuba take sa a gyara mata ɗankwali.

A shagon buga takardu da nake aiki a unguwar Adum na koyi ɗan abin da na sani. Rauta, wato akwatin da ke raba intanet, yana da adireshi guda da duniya ta san gidan da shi. A cikin gida kuma shi ke ba kowace waya da kowace na'ura tata lambar, wadda ba ta da amfani in an fita ƙofa. Kyamarar Mma ta sami goma sha biyu. Sai na faɗa wa rautan, duk wanda ya ƙwanƙwasa daga waje yana neman kyamara, a kai shi goma sha biyu. Ya yi aiki, na yi ta hura hanci har mako guda. Abin da na sani sarai amma na yi ganda a kai shi ne, aron lambar nan rautan ke bayarwa. Ɗaure ta ga kyamarar aikin minti biyu ne. Na ce sai na sami sarari.

Ran Babbar Sallah gidan ya cika maƙil, dangi daga unguwar Dichemso, abokan cinikin kawuna daga kasuwar Kejetia, kowa da wayarsa. Da hantsi aka ɗauke wuta, ba a jima ba aka dawo da ita. Rautan ya tashi, wayoyin baƙi suka rufe shi, ya hau rabon lambobi. Kyamarar tana da nawa wajen tashi. Kafin ta farka, goma sha biyu ta tafi wayar wani baƙo, ita aka ba ta wata. Yayana na can yana ƙwanƙwasawa, ana kai shi aljihun mutumin da ke cin tuwo a tsakar gida.

Ni ina bayan gida kan suyar nama, wayata na ɗaki. Sai bayan la'asar na gan ta, kiran yayana ya cika fuskarta.

“Haba, sista! Tun safe ina tiraya, abin bai konet ba kwraa, ko kaɗan. Mma yana lafiya?”

“Lafiya lau, Yaya. Ba ni minti biyar.”

Na ruga ɗakinta. Tana zaune bakin gado cikin farin leshin da ya aiko mata na Sallah, ta fuskanci ƙofa. Tun saukowa daga Idi take nan a haka, ita da zaman rabin awa ke gagara. Mutum nawa suka shiga yi mata barka da Sallah, ba ta ce wa ko ɗaya a kira ni ba, don in ta ce, ta faɗi wanda take jira ke nan.

Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kanta. “Mma, kin zauna haka tun safe? Bakinki ciwo yake?”

“Iska nake sha,” in ji ta. Ɗakin ko taga ba a buɗe ba.

Na gyara abin nan take, na ɗaure goma sha biyu ga kyamarar yadda ko wayoyi ɗari suka shigo ba mai samunta. Amma kafin na gama bayanta ya gaji, ta ce a cire mata leshin ta kwanta. Da muryarsa ta fito daga lasifikar, a tsohon zanenta ya same ta. Ya tambaya ko kayan sun yi mata daidai. Ta ce, “An gode.” Har yau kunyar wannan yinin ba ta sake ni ba, kuma ban taɓa gaya masa awa nawa ta zauna ba.

Ba ta kai wata Sallar ba. Bayan addu'ar arba'in na cire kyamarar na sa a akwati, ɗakin kuma, kamar yadda gidan ya saba, an ba wata baƙuwa.

Kwanan baya na shiga jerin lambobin rautan don in sa sabuwar talabijin ɗin kawu. Na ga goma sha biyu tana nan a ɗaure, ba kowa a kanta. Na kai yatsa wajen gogewa, na daɗe a haka. Sai na ba talabijin goma sha uku.