Jirgin da Bai Zo Ba Ranar Bikin Manjit

A garinmu mutum ɗaya ne ke iya tsayar da duniya, kuma albashinsa bai taka kara ya karya ba. Nachattar Singh ke nan, mai gadin inda titi ya ratsa layin dogo, siririn mutum mai rawani ruwan toka. Idan ya sauke ƙarfen nan na tare hanya, mai tarakta ya tsaya, mai madara ya tsaya, ɗan sanda ma ya tsaya yana sakace.

Pala mai shayi, da rumfarsa ke gefen wurin, yana da wata tambaya da yake yi wa duk wanda ƙarfe ya tare: da za a ba ka ikon daskarar da kowa, kai kaɗai ke motsi, me za ka yi? Mai tarakta ya ce zai matsar da iyakar gonar wansa kaɗan. Ɗan sanda ya ce shi ba ya bukata.

"Kai fa, Kawu?"

"Ni kullum daskarar da ku nake yi," in ji Nachattar. "Wa ya taɓa rasa ko allura?"

Gaskiya ya faɗa. Tun gemunsa na baƙi bai taɓa saukewa babu jirgi ba, bai kuma taɓa ɗagawa don roƙon wani ba, har da na matarsa.

Sai bikin 'yarsa Manjit, malamar makaranta, ya zo. A al'adarmu dole uban amarya ya tarbi uban ango a ƙofar gida, ya rataya masa furanni, su rungume juna kowa na ƙoƙarin ɗaga ɗan'uwansa sama. Uban angon kuwa Bakhshish Singh ne, tsohon soja, wanda ya taɓa kwashe danginsa daga wani biki saboda an ba shi shayi mai sanyi. Idan ya iso babu uban amarya, juyawa zai yi.

Tarsem, wanda zai karɓi aikin Nachattar da safe, bai zo ba. Hantsi ya ɗaga, sai ga kiɗan ayarin ango ya doso, kuma ba wata hanya zuwa gidan sai ta nan.

Nachattar ya dubi gabas, ba jirgi. Yamma ma haka. Ya sauke ƙarfe, ya shige ɗakin gadi ya ja ƙofa.

Makaɗa suka buga duk waƙoƙin da suka iya, suka sake farawa. Goɗiyar ango ta cinye furannin motar gaba. Madarar mai madara ta zama kindirmo. Pala ya ƙwanƙwasa.

"Kawu, wai jirgin nan daga Landan ya taso?"



Can sai ga Tarsem yana tura keke ba iska. Nachattar ya fice ta tagar baya, ya yanki gonar alkama da gudun da ba wanda ya san yana da shi. Kafin a ɗaga ƙarfe ayari ya iso, yana tsaye a ƙofar gidansa da sabon rawani, furanni a hannu, yana haki a ɓoye.

Bakhshish ya rungume shi, ya ɗaga shi cak kamar buhun ƙaiƙayi, ya kira shi da laƙabin girmamawa, ya ce a kunnensa, "Sardar ji, wane jirgi muka jira?"

"Na kaya. Ya yi latti."

"Akwai zangarniya a gemunka."

Bakhshish ya cire ta da kansa, ya sa a aljihu, ya sauke shi. Aka shiga aka ɗaura aure.

Mai madara har yau ba ya gaishe shi. Idan Pala ya sake yin tambayarsa, Nachattar kan ce ya danganta da ranar. Bakhshish kuwa duk zuwan da zai yi ganin jikoki sai ya tsaya a bakin ƙarfe.

"Sardar ji, jirgin nan ya iso?"

"Ana sa rai," in ji Nachattar.