Ranar da muka fitar da Kaka

Da hantsin wata Asabar, lokacin cirar albasa, na cika shekara tara, Baba ya kira ni tsakar gida ya ɗora mini wata 'yar na'ura ruwan ɗorawa a tafin hannu. Aikinsa auna gonakin noman rani ne a fadamun Wurno, kuma da ita yake aunawa. Ji-fi-es ake ce mata. Ya danna wasu lambobi, sai ga kibiya ta fito a gilashin tana rawa. Ya ce in bi ta duk inda ta nuna, akwai abin da ya ɓoye mini. Na bi ta, ƙanena Sani yana riƙe da gefen zanena, muka ratsa bayan makarantar allo, muka wuce wurin masu jiran fasinja da babura, har gindin wata bishiyar darbejiya. A ƙarƙashin wani dutse muka tono gwangwanin madara, cikinsa dabino da fensir da ɗankunne na roba.

A gidanmu ba a san bikin ranar haihuwa ba kafin nan. Baba ne ya ji daga wanda ya koya musu aiki da na'urar cewa a wasu ƙasashe mutane kan ɓoye ɗan akwati, su ba da lambobin wurin, wasu su fita nema da 'ya'yansu. Ya ga abin ya fi sayen lemo da biskit, sai ya mai da shi namu. Doka ɗaya ya kafa: "In kun ɗauki abu, ku aje wani." Ranar nan ƙwallon goruba na bari a ciki. Daga nan duk wanda ranarsa ta zagayo, sai ya yi sauri ya gama sharar tsakar gida da ba awaki dusa da ɗebo ruwan randa, don Inna ba ta sakin kowa da sauran aiki a ƙasa.

Mutum ɗaya ce wasan bai taɓa fitarwa ba, wato Kaka, mahaifiyar Baba. 'Yar Rabah ce, aure ya kawo ta Wurno, kuma shekara da shekaru ita ke kai wa kakanmu fura gona da kanta. Da ya rasu ta yi takaba, takaba ta ƙare, amma ba ta ƙara taka ƙofar gida ba. Suna ko gaisuwa, sai ta ce ƙafa ke ciwo. Kullum tana kan tabarma a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, tana ramewa a hankali, hirarta ma ta ragu. Baba ya yi lallashi har ya gaji.

Wata rana Sani ya tambaye ta yaushe aka haife ta. Ta ce, "Wa ya sani, angona? Cewa anka yi ana girbin gero." Da girbin gero ya zo, muka yanke cewa Kaka ma sai an yi mata nata. Muka ari na'urar, Inna ta ba mu goro biyu da sabulun wanka, muka zuba a gwangwani. Wurin ɓoyewa kuwa bai ba mu wahala ba. Bayan gari babu inda muka sani kamar gonar kakanmu, inda akwai tsamiya mai kogo a gindi. A can muka cusa shi, na danna maɓallin da ke riƙe wuri kamar yadda aka koya mini. Ba mu yi tunanin komai ba.

Da Baba ya duba lambobin, sai ya ce mu je mu sake wuri. Amma Sani ya riga ya maƙale wa Kaka tun safe, yana jan hannunta yana kukan ƙarya, har ta tashi ta yafa mayafi don ta huta da shi. Baba ya ga ta sa takalmi, sai ya biyo mu daga nesa.

Ta riƙe na'urar da hannu biyu kamar ƙwai, tana tafiya a hankali, tana mita cewa an mai da ita yarinya. Matan unguwa suna leƙowa daga zaure suna gaishe ta, tana amsawa a taƙaice. Muka bar gidaje, muka shiga tsakanin gonaki, inda aka jingine dammunan gero ana jiran amalanke. A inda hanya ta rabu, ta hagu ta gangara fadama, kibiyar ta karkata hagu. Kaka ta tsaya cik.

"Ina kunka kawo ni?" in ji ta.

Sai a lokacin na gane abin da muka yi: hanyar da take kai wa kakanmu fura ce. Baba ya matso kusa da mahaifiyarsa ya ce, "Inna, mu koma in kin gaji." Ba ta dube shi ba. Ta miƙo mini na'urar, ta gyara mayafinta, ta daɗe tana kallon kan tsamiyar da ake hangowa. Sannan ta gangara, mu muna bayanta.

A gindin tsamiya ta zauna, ta yi addu'a ƙasa-ƙasa, ta share ido da bakin mayafi. Sani ya zaro gwangwanin ya aje mata a cinya. Ta buɗe, ta shinshina sabulun, ta ɓantari goro. Da muka tuna mata doka, ta kwance bakin zanenta ta jefa 'yar kanwa a ciki. Can idonta ya kai bakin kwari, inda lalo ya fito ya yi kore shar.

"Wanga lalo duk kun bar shi shina lalacewa?" Ta tashi ta fara tsinka, ta ce in shimfiɗa ɗankwalina. Ranar ita ta kaɗa miya. Bayan 'yan kwanaki Inna ta dama fura za a kai wa masu aiki, Kaka ta ce a ba ta ƙwaryar.

Yau ina zaune a Goronyo da nawa 'ya'yan, Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma kowace waya tana yin abin da na'urar Baba ke yi. Ranar haihuwar kowannensu nakan ɓoye gwangwani a wajen madatsar ruwa, kusa da inda masunta ke shanya komarsu. Yaran yanzu ba sa tsayawa gaisuwa a hanya, idonsu na kan gilashi, so suke su gano su ɗauki hoto. Sukan ruga su bar ni a baya, ni kuma ba na kiran su. Nakan bi su a hankali, da irin takun Kaka.