Angon Gwaggo na Cikin Firiji

Hannu ɗaya a kwanon ruwan ɗumi, ɗayan a kan murfin firiji, haka Gwaggo mai ɗinki take buɗe safiyarta. Idan yatsun suka jiƙa suka saki, sai ta leƙa bayan ƙwai, inda allurar maganinta ke kwance cikin kwalinta, ta tambaye ta yadda ta kwana. Ango take ce mata. Mijinta, tsohon direba, yakan ce shi aka bari a zafi, baƙo kuwa aka shimfiɗa masa a sanyi.

Kafin zuwan angon, ciwon gaɓoɓi ya murɗe mata yatsu kamar saiwar citta, keken ɗinkinta ya yi shekaru lulluɓe da tsohon zani. Garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin ta. Allurar ta lallashi garkuwar ta kwanta, keken ya dawo da waƙarsa, Gwaggo ta dawo da tsiwarta. Gwiwar hagu ce kawai ta riga ta cinye, likita ya ce sai an sa ta ƙarfe.

Amma da sharaɗi. Ya ce garkuwar da aka kwantar ba ta tsare ƙofa, ƙwayar cuta na iya shiga wurin aikin ta ɓata sabuwar gwiwa. Za a dakatar da allurar tun kafin a yi aiki, ba kuma za a koma mata ba sai ciwon ya rufe an cire zare. Gwaggo ta ce wannan ai raba aure ne, ta sa hannu tana dariya.

Dariyar ta ragu bayan an yi aikin an sallamo ta, da yatsu suka fara ƙagewa da safe. Ta dubi keken, ta tuna da zanin nan. Sai ta sa tabarau, ta ɗaga bandeji, ta duba gwiwar da idon sana'a. Baki ya haɗu, zare bai ja ba, layi ya miƙe. Ta yanke hukunci cewa ɗinki ya kama, ta ɗingisa zuwa firiji. Bayan ƙwai babu komai sai rabin lemun tsami.

"Maigida, ina ka kai angon?"

"Yana hutawa a firijin ƙanwarki."

"Kishi ne kawai."

"Kishi ne, kuma likita na bayana."

Ta yi yajin magana har azahar. Shi ya riƙa ɗumama ruwa, yana ɓalle mata maɓalli, yana zura zare a allurar keke da harshe a waje kamar mai shiga lungu da babbar mota.

Da aka koma asibiti aka gano wani ɗan gefen ciwon can ƙasa, inda tabarau bai kai ba, yana tsattsafo. Gwaggo ta ce haske ne bai isa ɗakinta ba. Mijin ya kalli silin yana cije leɓe.

Zuwa na gaba fata ta bushe, babu ja, babu zafi. Nas ta zare zaren ɗaya bayan ɗaya, likita ya shafa wurin ya ce, "Gwaggo, a mayar da aure."

Ta gyara mayafi, ta ce wa mijin ya kira ƙanwarta ta buɗe firiji. Sandarta na jingine da kujera, shi ya ɗauka. Ita ta riga ta kai ƙofa, sabuwar gwiwa a gaba, tsohuwa na biye, ta fice.